Kaye de tekis: littafin da ke riƙe da labarin abin da aka koyar a aji

Duk mai yaro a kolej, wato makarantar sakandare, a arewacin Kamaru, a Garwa ne ko Marwa ko Ngaundere, ya taɓa jin wannan suna a bakin yara ko da bai kula ba. "Yau ni na ɗauko kaye de tekis." "Malamin lissafi ya fita bai sa hannu a kaye de tekis ba." A bangonsa ana rubuta cahier de textes da Faransanci. Babban littafi ne mai kauri, kowane aji da nasa guda, kuma ba mallakar wani ɗalibi ba ne, na ajin ne baki ɗaya. Duk malamin da ya shiga ya koyar, kafin ya fita sai ya buɗe shafin fanninsa ya rubuta kwanan wata, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kan darasin da ya yi da manyan sassansa, aikin gidan da ya bayar da ranar da za a kawo shi, sannan ya sa hannu.

Shugaban aji, wanda yara ke ce wa shef, shi ke ɗauko shi da safe daga ofis, ya mayar idan an tashi. Can ake duba shi. A lise, babbar sakandare ke nan, sansar ne mai wannan aiki, wato mataimakin shugaban makaranta da ke kula da harkar karatu. A ƙaramar kolej ta CES, wadda ke tsayawa a aji huɗu, darakta da mataimakansa ne ke bi. Sufetocin da ke zuwa daga ofishin ilimin sakandare na jiha su ma ba sa tafiya sai sun buɗe shi. Da shi ake auna abin da malamai ke kira yawan manhajar da aka cinye: darussa nawa aka tsara a farkon shekara, nawa aka yi zuwa yau, awa nawa ya kamata a koyar, nawa aka koyar. A Chadi ma haka tsarin yake, tunda gadon Faransa ɗaya ne.

Iyayenmu kuwa takarda ɗaya suka sani, ita ce bilten, takardar sakamakon yaro. Shekarar karatu tana farawa a farkon Satumba, zango uku ne, kuma a bakin yara har yanzu gwaje-gwajen da ake yi musu sunansu sekans, biyu a kowane zango. Ƙarshen zango a kawo bilten, maki bisa 20, an ninka kowane fanni da nauyinsa, an fitar da matsakaici da matsayin yaro a aji. Uba ya duba wuri biyu: ya kai 10? Na nawa ya zo? In ya kai, a sa albarka. In bai kai ba, a yi faɗa, wani lokaci har da dorina.

Bilten ba ta ƙarya, sai dai akwai abin da ba ta faɗa. Ba ta gaya maka a kan me aka yi gwajin. Yaro na iya kawo 15 bisa 20 a lissafi alhali darasi biyu kacal aka yi cikin shida da aka tsara, malamin kuma a kan biyun nan ya yi tambaya, don ba zai tambayi abin da bai koyar ba. Gida ana murna, rami na nan a ƙasa. Ranar da ramin ke buɗewa ita ce ranar jarrabawar ƙasa ta BEPC a ƙarshen turwaziyem, aji na huɗu a kolej, domin takarda ɗaya ake raba wa ɗan Kusiri da ɗan Yawunde, daga manhajar ƙasa baki ɗaya, ba ruwanta da ko malaminku ya zo a watan Janairu ko bai zo ba.

Abin mamaki shi ne mu ba baƙin bin sawun karatu ba ne. Uban da ɗansa ke makarantar allo bai taɓa jiran ƙarshen zango ba. Allon na jingine a zaure, ya ɗaga ya ga surar da ake, ya san jiya an wanke ko ba a wanke ba, in kuwa mako ya zagayo rubutu bai canza ba, da kansa zai taka wajen alaramma ya ji dalili. Kaye de tekis allon ajin boko ne, illa dai shi ba ya kwana a gidan kowa.

A firamare wannan bai cika damun mutane ba, saboda malami ɗaya ne ke riƙe da aji tun safe har tashi, kuma ana haɗuwa da shi a masallaci ko a kasuwa. Da yaro ya shiga siziyem, ajin farko na kolej, sai lissafin ya canza. Malamai kusan goma ke shiga su fita, kowa da awarsa. A katiriyem, aji na uku, a ƙara masa kimiyyar fizik da shimi (kemistiri) da fasaha, a ce ya zaɓi wani harshen waje, Jamusanci ko Sifaniyanci ko Larabci, gwargwadon abin da makarantar ke da malaminsa. Babu mutum ɗaya da za ka tara a hanya ka ce ya ba ka labarin karatun ɗanka duka. Littafin nan kaɗai ke ganin kowa ya shiga ya fita.

Kuma giɓinsa ya fi rubutunsa magana. A 2020, lokacin korona, an rufe makarantun Kamaru a tsakiyar Maris, azuzuwan jarrabawa ne kawai suka koma a farkon Yuni. A 2022 malaman sakandare suka shiga yajin aikin da aka sani da OTS, suna zuwa makaranta amma ba sa taɓa alli. A 2024 ambaliya ta shiga makarantu a yankin Yagwa da bakin Logon. Waɗannan kowa ya gani. Wanda ba a gani shi ne na yau da kullum: malamin da aka turo daga kudu bai iso ba sai Nuwamba, ko ya tafi Yawunde bin takardunsa ya yi makonni, ko malamin wucin gadi ya ajiye aiki don ba a biya shi ba. Yaro zai dawo gida da kayan makaranta a jikinsa kullum, ka tambaye shi yaya karatu, ya ce lafiya lau. Shafin fannin kuwa fari fat.

Kada dai a ɗauka littafin waliyyi ne. Akwai malamin da ke barin sa sai an ce sufeto na tafe, ya zauna ya cike na wata guda a zama ɗaya, da alƙalami ɗaya. Akwai mai rubuta kan darasin da ya karanta wa yara a guje cikin minti ashirin. Ko da an yi darasin tsakani da Allah, an koyar daban, an gane daban, balle a ajin da kawuna suka doshi ɗari. Shi ya sa ba a karanta shi shi kaɗai. Abokin gwajinsa yana cikin jakar ɗanka.

Kayen yaro, wato littafin rubutunsa, in yana zuwa aji yana rubutu, kwafin kaye de tekis ne. A nan ne nake ganin an raina iyaye mata da ma mazan da ba su yi boko ba, an sa musu a rai cewa wannan ba fagensu ba ne. Ba sai ka iya Faransanci ba kafin ka karanta kwanan wata, lambobin su ne dai na kan takardar kuɗi. Yaran kolej sun saba rubuta kan darasi da jan biro, sauran da shuɗi. Uwa na iya ɗaukar kayen lissafi ta ƙirga jan rubutun da aka ƙara a makon nan, ta ga kwanan wata na ƙarshe. In na ƙarshen ya kwana goma sha, ɗayan biyu ne: ko malamin ba ya zuwa, ko ɗan ne ba ya shiga. Daga nan sai tambayar da ta fi "yaya karatu" amfani: "Wannan jan, me yake nufi? Faɗa mini da Hausa." Yarinyar katiriyem da ta gane ƙa'idar Fitagor za ta iya zana kusurwa uku a ƙasa da tsinke ta nuna wa uwarta dogon gefen. Wadda ba ta gane ba za ta maimaita Faransancin kamar waƙa, uwar kuma za ta ji bambancin ko da ba ta san kalma ɗaya ba.

Idan aka ga giɓi, ba ofishin shugaban makaranta ake fara dosa da zafi ba. Kowane aji yana da malamin da aka ɗora masa kula da shi, shi ke haɗa bilten, shi ya san yaran. A gaishe shi yadda ya kamata, a ce: "Malam, Allah ya saka da alheri. Na ga kayen Ingilishin yaron nan bai motsa ba tun farkon wata. Ko za ka duba mana littafin aji, mu san daga ina matsalar take?" Ba za a ba ka littafin ka tafi da shi gida ba, takardar aiki ce ta makaranta. Amma buɗe shafi a gabanka ba wani abu ba ne, tunda yaro ɗan shekara goma sha biyu ne ke yawo da shi a tsakar makaranta kullum. Malamin kirki ma daɗi yake ji, don littafin shaidarsa ne. Sau da yawa shi ke wanke malami ya kama ɗan da ke fita da safe ya ƙare a wajen masu wasan bidiyo.

Wuri na biyu shi ne taron APEE, ƙungiyar iyaye da malamai. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta lissafa iyaye cikin masu ruwa da tsaki a makaranta, kuma dokar shugaban ƙasa ta 2001 da ta tsara makarantun gwamnati ta ba su kujera a majalisar makaranta. Amma ku tuna taron da kuka halarta na ƙarshe. An yi awa biyu ana ja-in-ja a kan kuɗin shekara, benci nawa, bulo nawa, aka tashi ba wanda ya tambayi kashi nawa na manhaja aka cinye. Alhali daga aljihun iyayen nan ake biyan yawancin malaman wucin gadi, kuma alƙaluman na nan a ofis, domin ana tattara su kowane zango a tura sama. Wakilin iyaye ya nemi a karanto su aji-aji, fanni-fanni, da Hausa ko Fulatanci, ba Faransanci zalla ba.

Yanzu azuzuwa da yawa suna da zauren WhatsApp, cike da sanarwar biyan kuɗi da gaisuwar Juma'a. Da malamin aji zai ɗauki hoton shafukan mako ya saka, ko ya yi saƙon murya na minti biyu ya ce a lissafi an kai nan, a tarihi an kai nan, ranar Litinin akwai aikin gida, da iyaye sun daina jiran Disamba kafin su san halin da ake ciki. Saƙon murya ya fi hoto, don ya kai ga wanda ba ya karatu. Sai dai aikin ƙari ne a kan malamin da ya riga ya gaji, kuma kuɗin datar daga aljihunsa zai fita, sai fa in APEE ta sa shi cikin kasafinta tun taron farkon shekara.