Rage amfani da fetur da dizal a harkar shirya fim da talabijin

Rage amfani da fetur da dizal a harkar fim yunƙuri ne da kamfanonin finafinai da gidajen talabijin, musamman a Birtaniya, Amurka, Kanada da Faransa, suka sa a gaba domin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Man yana ƙonewa ne a janaretan da ke ba lokeshan wuta, da motocin jigilar kaya da ma'aikata, da jiragen sama. Kowace lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon.

Tarihi

Da ƙididdiga aka fara, tun kafin a taɓa ko janareta ɗaya. A wajajen 2009 ne BBC ta ƙera wata manhaja mai suna albert da ke lissafa hayaƙin kowane shiri, sannan a 2011 ta miƙa ta ga BAFTA, ƙungiyar fim da talabijin ta Birtaniya, domin sauran gidajen talabijin na Birtaniya su amfana. A shekarar 2009 ɗin nan aka kafa ƙungiyar Ecoprod a Faransa. Ƙungiyar furodusoshin Amurka ita ma ta fito da kundin jagora mai suna Green Production Guide a 2010. Tsawon shekaru abin ganin dama ne, wanda ya so ya yi. Daga 2022 BBC ta wajabta shaidar albert ga shirye-shiryen da take ba da kwangilarsu, hukumar finafinai ta Faransa, CNC, kuma ta fara neman rahoton kabon daga masu neman tallafinta a 2023.

Rahotanni biyu ne aka fi kafa hujja da su. Na farko, A Screen New Deal, wanda cibiyar finafinai ta Birtaniya (BFI) da albert da kamfanin Arup suka fitar a 2020, ya ƙiyasta cewa babban fim ɗaya yana fitar da tan 2,840 na kabon: kashi 51 cikin ɗari daga sufuri, 34 daga wutar layi da iskar gas, 15 daga janaretan dizal. Na biyu, na ƙawancen kamfanonin fim mai suna Sustainable Production Alliance a Amurka a 2021, ya kawo tan 3,370, kusan rabinsa daga mai. Alƙaluman sun bambanta ne saboda ba finafinai iri ɗaya aka auna ba, kuma kowanne da yadda ya kasa abubuwan.

Matsalar janareta

Babbar asarar tana faruwa tun ranar ɗaukar hayar inji. Shugaban masu fitila yakan tara ƙarfin duk fitilun da ke cikin mota kamar za a kunna su gaba ɗaya, ya ƙara wani abu a kai don gudun jin kunya, sai a kawo injin da ya ninka buƙata. Injin dizal da ke aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba ya yin zafin da zai ƙone man sarai. Ragowar man da baƙin toka suna taruwa a salansa, hayaƙi ya yi kauri, injin ya riƙa neman gyara. Ga shi kuma yana shan mai ko da caja da tukunyar shayi kaɗai yake ɗauke da su. Janareta mai kVA 100 (kVA ma'aunin ƙarfin janareta ne) yakan sha lita 7 zuwa 8 a awa a rubu'in lodi, wato kusan lita 90 a yinin aiki na awa 12. Shi ya sa matakin farko shi ne ɗaura mita a auna ainihin wutar da ake ja na kwanaki, sannan a zaɓi inji daidai da ita.

Abin da ake maye gurbinsa da shi

Wutar layi ita ce mafi sauƙi inda take. A Landan, hukumar Film London ta kafa akwatin wuta a Victoria Park a 2023, motocin fim su jona maimakon tayar da inji. Birnin Bankuba na Kanada yana rage kuɗin izinin ɗaukar fim ga waɗanda suka rage janaretan dizal.

Batir ya samu shiga ne bayan zuwan fitilun LED. Fitilar SkyPanel S60 ta kamfanin ARRI tana jan kimanin wat 400, don haka guda goma na awa goma suna buƙatar kWh 40 (kWh ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya). Fitilar HMI mai kilowat 18, wadda ake kwaikwayon hasken rana da ita, ita kaɗai za ta cinye kWh 180 a wannan lokacin, kuma a daidai kunna ta takan fizgi wutar da za ta iya kashe inbata. Saboda haka aka fi haɗa biyun: janareta ya yi 'yan awanni da cikakken lodi yana cajin batir, a kashe shi, batir ya riƙe sansanin ma'aikata da dare. Masu ɗaukar sauti sun fi kowa murna da wannan tsari, domin batir ba ya ƙara.

An gwada samar da wuta daga iskar haidurojin a shirin Winterwatch na BBC a 2021, amma tsadarsa da wahalar jigilarsa sun hana shi yaɗuwa. A 2023 Netflix da Disney suka ƙaddamar da Clean Mobile Power Initiative don tallafa wa masu ƙera injunan ba da wuta marasa hayaƙi.

Man HVO, wanda ake tacewa daga tsohon man girki da kitse, ana zuba shi kai tsaye a injin dizal. Masu sayar da shi suna cewa yana rage kabon har kashi 90 cikin ɗari. Masu suka suna zargin ana cakuɗa manja a cikin kayan da ake yinsa da su.

Sufuri

Nan ne hayaƙin ya fi yawa, sauyin kuma ya fi tafiyar hawainiya, domin manyan motocin kaya masu lantarki ba su wadatu ba. Abin da aka fi yi shi ne ɗaukar ma'aikata daga garin da ake aikin, rage yawan lokeshan, da hana barin mota a kunne tana tsaye.

A Najeriya

Masana'antun Kannywood da Nollywood sun dogara da ƙananan janaretan fetur saboda rashin tsayayyiyar wuta. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta yi tsada.