Waiwaye: Yadda Ɗan Aji Huɗu Ya Koma Kwafar Allo

Tun da aka sanar a watan Nuwamban 2025 cewa za a daina koyarwa da harshen uwa a makarantun Najeriya, a koma koyarwa da Turanci tun daga matakin farko, ake ta kai ruwa rana: wasu na cewa harshen uwa ne ya jawo yara ba sa iya karatu, wasu na cewa ai ba a taɓa aiwatar da shi yadda ya kamata ba. Amma wanda ya leƙa aji uku ko huɗu ya san ciwon ya girmi wannan gardama. Malami na rubutu, yara na kwafa, a maimaita da baki, a kaɗa ƙararrawa.

Farkon labarin sananne ne. Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa (UPE) na 1976 ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda aka tanadi malamai. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa, daga baya a juya zuwa Turanci, abin da ya sa aji huɗu, inda ake yin juyin, ya zama mahaɗa mai wuya. Sai shirin ilimin matakin farko na bai-ɗaya (UBE) a 1999, sai tsarin 2022 da ya miƙa harshen uwa har aji shida.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne gushewar kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar daraja ta biyu, waɗanda aka riƙa rufewa ko mayarwa sakandare, musamman cikin shekarun 1990, bayan an ɗauki NCE, wato shaidar da kwalejojin ilimi ke bayarwa, a matsayin mafi ƙarancin takardar malanta. Manufar ɗaga darajar malami ce, kuma abu ne mai kyau. Sai dai ɗalibin tsohuwar kwaleji shekara biyar yake yi ana shirya shi don ya riƙe aji guda da duk darussansa. Yana koyon rubutun allo, yana haɗa kayan koyarwa da hannunsa, ana duba su a ba shi maki. Mai NCE kuwa galibi darasi biyu ya ƙware a kai, kuma ba kowa ke zaɓar fannin firamare ba.

Ga irin abin da ya salwanta. A ba yaro 52 a cire 27, da yawa za su rubuta 35, domin ƙaramar lamba suke cirewa daga babba duk inda suka gan ta. Maganinsa tsinken tsintsiya ne: a ɗaure goma-goma da zare, a ba kowane rukuni na yara shida ɗauri biyar da tsinke biyu. Bakwai ba ta fita daga biyu, dole su kwance ɗauri ɗaya su samu sha biyu. Nan yaro ke ganin ma'anar "aro" da idonsa, ya samu 25. Haka kantin aji, da gwangwanayen madara da kuɗin takarda, ke koyar da canji. Haka ninke takarda gida huɗu ke nuna rabi da kwata.

Inda aikin ke lalacewa shi ne rabon kaya. Darasi bai fi minti 35 ba, kuma a ajin da yara suka haura tamanin, rabo kaɗai zai cinye sulusinsa. Shi ya sa ake ƙulla kayan kowane rukuni a leda tun kafin a shiga, a naɗa shugaban rukuni mai ɗauka da mayarwa, a kuma faɗi umarni kafin kaya su isa hannu, don da zarar sun isa babu mai sauraron malami.