Tafiya jego ko jinya da yara daga Yamai zuwa Tawa: tambayoyi da amsoshi

Mu ƴan Adar mazauna Yamai, da wuya shekara ta zagayo ba a kira ɗayanmu daga gida ba. Ko ƙanwa ta sauka, ko Inna ta kwanta, ko an yi wa Baba aiki ana neman mai kula da shi. Mafi yawan lokaci mace ce ke tashi, kuma macen nan tana da nata yaran. Zumunta a ƙafa take, ba mai musun wannan, amma akwai abin da ya kamata a tsaya a duba kafin a ɗaure kaya. Ga tambayoyin da mata suka fi yi a kan wannan tafiya, da abin da nake gani a kansu.

Yaya, ƙanwata ta haihu a Tawa, ni kuma yarana huɗu. In kwashe su duka ko in bar su?

Goyo dai ba a tambayarsa, inda kika sa ƙafa nan yake. Wanda aka yaye kwanan nan ma kada ki bar shi, don raba shi da nono da uwa a lokaci guda yana sa yaro ya ƙi abinci ya rame. Sauran su ne abin shawara.

Ki tuna abin da ya sa aka kira ki. An kira ki ne saboda gidan can ya rasa hannu. Duk yaron da kika ƙara, kin ƙara bakin ci, kin ƙara wanki, kin ƙara ruwan wanka, kin ƙara tabarma a ɗakin da dama ya yi wa masu shi kaɗan. A watannin zafi famfo kan ɗauke a unguwanni da yawa, sai an sayi jarka wajen ƴan ga-ruwa, ga mai jego tana bukatar ruwan wanka safe da yamma. In kika iso da yara huɗu, rabin yininki zai tafi wajen raba faɗa da share hanci, mai jegon da kika zo hutarwa ita ce za ta koma tana miƙewa neman abin da za a ba baƙi. Kunya ba za ta bar ta ta faɗa miki ba. Za ta ce "lale, Yaya, ai gidansu ne," ta kwana da lissafin shinkafa a zuciya.

Shawarata, ki ɗauki ƙanana biyun, ki bar manyan a hannun wanda kika yarda da shi. In babu wanda za ki bar wa su ko kaɗan, to ki tafi da su, amma ki tafi da abincinsu, ki kuma rage kwanakin da za ki yi.

To ba gara in ɗauki babbar ƴata ba, ta riƙa kama mini aiki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don a nan ake cutar yara mata ba tare da an yi niyya ba. Ana buɗe lakwal a watan Oktoba, a rufe wajen ƙarshen Yuni. Jego kwana 40 ne. Yarinyar da aka cire daga aji ta yi kwana 40 tana wanke-wanke a Tawa, in ta dawo za ta tarar an wuce ta a lissafi da Faransanci, ta zauna a baya tana jin kunyar amsa tambaya. Ƙarshen shekara a ce ta maimaita aji, badi a ce ai ba ta da ƙoƙari, a fara maganar cire ta gaba ɗaya. Ba wanda ya taɓa tunanin cire ƙanenta namiji don a je jego.

In tana aji shida na firamare tana shirin jarrabawar gama firamare (CFEPD), ko tana shekarar jarrabawar gama kwaleji (BEPC), kada ma a kawo zancen. In kuma tafiyar ta faɗo cikin babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, to ki tafi da ita da farin ciki. Za ta ga kakanninta, kunnenta ya saba da Hausar Adar, ta koyi yadda ake kula da jinjiri da yadda ake gaida manya. Wannan ma karatu ne, kuma yaran Yamai da yawa suna rasa shi. Idan larura ta tilasta yaro ya rasa kwanaki a tsakiyar shekara, ki je da kanki ko ki tura maigida ya sanar da darakta, a roƙi wani ɗan ajin ya riƙa ajiye masa darasi.

Yaya hanyar take, kuma wace mota ta fi dacewa da mai yara?

Tsakanin Yamai da Tawa kusan kilomita 550 ne. Ana bin babbar hanya ta RN1 zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, a wuce Dogon Dutsi, a isa Birnin Konni wajen kilomita 420 daga Yamai. Gaba kaɗan da Konni, a Tsarnawa, hanya ke rabuwa: ta gabas ta nufi Madawa da Maradi, ta arewa ta bi ta Badagishiri ta shiga Tawa. Ki ɗauka wuni guda ne kika ba hanya.

Ga mai yara, manyan motocin kamfani irin su Rimbo, Sonef, STM da Al Izza sun fi ƙananan motocin tasha da sai sun cika suke tashi, su tsaya kowane gari. Motar farko da asuba take fita, sau da yawa tun kafin a kira salla, don haka ki sa a yanko tikiti tun jiya, ki shirya yaran su kwanta da kayan tafiyarsu. Ki tambayi kamfanin ka'idarsu a kan kujerar yara. Yaron da ya kai shekara huɗu ko biyar, ki biya masa kujera in da hali. Wadda ta taɓa ɗora yaro biyu a cinya daga Dosso zuwa Konni ta san yadda ƙafa ke mutuwa, ga shi kina isa aiki za ki kama.

A zaunar da yara ta wajen taga, ke ki zauna ta bakin hanya. Wajen Kure, kilomita 60 daga Yamai, nan ne mazaunin raƙuman dawa, kuma wani lokaci ana hango su daga mota in gari ya waye. Ki ce wa yaran su zuba ido, zai ɗauke musu hankali na ɗan lokaci. A wuraren tsayawa kuwa, musamman Konni mai cunkoso, kada ki saki hannun kowa, kuma kada ki aiki yaro sayen abu shi kaɗai. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun kowane yaro.

Waɗanne takardu zan riƙe?

Katinki na ɗan ƙasa, takardar haihuwar kowane yaro, da karnen asibitinsu mai ɗauke da rigakafi. Akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, ana sauke fasinja a duba takardu. Idan cikin yaran akwai wanda ba ke kika haifa ba, ɗan riƙo ko ɗan kishiya, ki nemi ubansa ya rubuta izini ya sa hannu da lambar wayarsa. Nijar tana da dokar hana safarar mutane tun 2010, Konni kuma bakin iyaka ce da Najeriya, saboda haka in an tambaye ki "wannan ɗan wa ne?" aikinsu suke yi, ki amsa cikin natsuwa.

Me zan ba su a hanya? Ni dai ba na son a yi ta neman bayan gida.

Na san wannan dabarar, a hana yaro ruwa tun dare don kada ya nemi fitsari. Don Allah a daina. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40 a ma'auni, ƙaramin yaro kuma jikinsa yana bushewa da sauri fiye da na babba. Ki ba su ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, ki riƙe leda da tsumma da kayan canji a jakar hannu, ba cikin kayan da aka sa ƙarƙashin mota ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, ke ce za ki yawaita shan ruwa, ki ba shi duk sa'ar da ya nema.

Abinci busasshe ya fi: burodi, dafaffen ƙwai, dabino, biskit, lemu. Fura da nono da suka sha zafin mota, ko miyar da aka daɗe da zubawa a bakin tasha, su ne ke kawo zawo washegari. Haka kuma maganin tari ko na mura da wasu ke ba yara don su yi barci a mota, wannan ba abin yi ba ne, yana iya danne numfashin ƙaramin yaro.

Ki sayi ƙunshin SRO, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, kamar biyu ko uku a farmasi, da ƙwayar zinc. In zawo ya kama yaro, ƙunshi ɗaya ake zubawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi, zinc kuma kwana 10 zuwa 14.

In mara lafiya zan je jinya, ba matsala yara su zauna tare da shi?

Ya danganta da ciwon. Ki tambaya tun kina Yamai, ki tambaya sosai, kada ki tsaya a "jikin ne dai." Hawan jini, ciwon suga, karaya ko shanyewar ɓarin jiki ba a ɗaukarsu daga mara lafiya, kuma ganin jikoki yana ƙara wa tsoho ƙarfin zuciya. Amma tarin da ya wuce mako biyu tare da rama da zufan dare, wannan a gwada shi don tarin fuka kafin ki kwantar da yara ɗaki ɗaya da shi. Idan ƙyanda ta shiga gidan, jaririn da bai kai wata 9 ya karɓi allurarta ba kada ya je. Haka sanƙarau a lokacin rani da ƙura.

Idan an kwantar da mara lafiyan a babban asibitin jihar Tawa ko a cibiyar kula da uwa da yaro, yaran su tsaya gida. Harabar asibiti ba wurin kwanan lafiyayyen yaro ba ce. Ki samu wata a gida ku yi karɓa-karɓa, ke rana ita dare.

Da damina kuwa babban abin tsoro zazzaɓin cizon sauro ne. Ki tafi da sangenki, kada ki dogara da cewa akwai a can, don wanda ke akwai na mai jego da jaririnta ne. Daga Yuli zuwa Oktoba ana rabon maganin kariya wata-wata ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ana sha kwana uku a jere. In zagayen ya same ki a Tawa, ki fito da yaranki su karɓa a can. Jiki ya yi zafi, a kai shi ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa a yi gwaji a ranar. Tun 2006 gwamnati ta sa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma ki riƙe ƴan kuɗi, don wani lokaci magani kan yanke sai an sayo a waje.

Maigida fa? Ya ce in je, amma bai ce komai a kan kuɗi ba.

Ki zaunar da shi da daddare bayan yara sun kwanta, ku yi maganar dalla-dalla: kuɗin mota zuwa da dawowa, abin da za ki riƙa sa wa a cefanen gidan can, wanda zai dafa wa yaran da aka bari, wanda zai tashe su lakwal. Kuɗin dawowa ki ƙulle shi daban, kada ki taɓa ko ranar suna. Sauran ba sai kin ɗauka a jiki ba, ya aiko miki ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana mako-mako.

In abokiyar zamanki ce za ta riƙe yaran, ki je ɗakinta da kanki ki ba ta amanarsu, kada ki bari ta ji a bakin maigida. In kin dawo ki riƙo mata tsaraba ta musamman. Ta yi miki aikin da ya ba ki damar yi wa naki dangin aiki.

Na isa. Mene ne taimakon da mai jego ta fi bukata?

Barci da abinci. Ki karɓe mata girki da wanki da ɗawainiyar manyan yaranta, ki tare ƴan barka a tsakar gida in ta samu ta runtsa. Yaranki su wanke hannu kafin su taɓa jariri, mai mura kada ya sumbace shi, kuma kada a bar ƙaramin yaro ya ɗauke shi ba babba a kusa. Tukunyar ruwan jego a kan murhu ita ce babban haɗari ga masu rarrafe da ƴan tatata, a kafa ta inda ba su kai ba.

Akwai maganar da sai ƴar'uwa ce za ta iya faɗa a gaban su Gwaggo. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta suna da alaƙa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. A yi wanka da ruwa mai ɗumi da jiki zai iya ɗauka, a rage kanwa sosai, a ƙara nama da wake da ganye. In kika ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki in ta kwanta, ko jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da jiri, kada a jira a ga abin da gobe za ta yi. Ki ce da tsofaffin cikin ladabi, "Inna, a yi haƙuri, bari mu kai ta a duba," ki nemo abin hawa. Kafin ki baro kuma ki tabbatar an yi wa jaririn rajistar haihuwa, an kuma fara masa rigakafi.

Yaushe ya kamata in dawo?

Ki sa rana tun kafin ki tafi, ki faɗa wa gidajen biyu. Ga jego, da yawa suna tsayawa har bayan suna da mako ɗaya ko biyu, sai wata ta karɓa zuwa arba'in. Jinya ba ta da ranar ƙarewa, don haka ku ƴan'uwa ku raba ta tun farko, har da mazan: wanda ba zai iya zama ba ya ɗauki kuɗin magani ko na mai aiki. In ranarki ta matso, ki kira wadda za ta canje ki kwana uku kafin nan, ki nuna mata magunguna da lokutan shansu da ranar komawa wajen likita, sannan ki aika a yanko miki tikitin motar asuba.