Mece ce ma'anar oktan, kuma me ya sa ba ya gyara kabureta?

Kalmar oktan ta baro ɗakin gwaje-gwaje ta shiga bakin kowa. Da zarar an tayar da zancen ingancin fetur, a rediyo ko a muhawarar 'yan siyasa, sai ka ji wani ya ce wannan mai oktan ɗinsa 95 ne, wancan kuma 91, don haka na farkon ya fi ƙarfi, ya fi tsabta, ya fi jimawa a tanki. Duk cikin ukun nan babu wanda lambar take nufi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wannan gurguwar fahimta ta bi ta shiga garejin masu farfaɗo da tsofaffin motocin gudu, irin su MGB da Triumph da Jaguar E-Type. Mota tana shaƙewa, tana tari, tana mutuwa a silo, sai a ce wa mai ita ya nemi mai babban oktan. Ya saya da tsada, cutar kuma tana nan inda take.

Oktan ma'auni ne na abu guda tak: yadda fetur yake jure matsi da zafi a cikin silinda ba tare da ya fashe da kansa ba. Fistan yana matse cakuɗen iska da mai, fulogi ya kyasta wuta, wutar ta bi cakuɗen tana ci daki-daki. Idan man ba shi da juriya, ragowar da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya tashi gaba ɗaya kafin lokacinsa. Shi ne kake jin wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman idan ka taka totur a hawan tudu da babbar giya. Kada a haɗa wannan da abin da makanikai suke kira bugawar inji, wato lokacin da inji ya ƙone ya cije saboda rashin baƙin mai. Wannan ƙwanƙwasa ce ta ƙonewar fetur, kodayake idan aka ƙyale ta tana iya huda kan fistan.

Asalin lambar ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi kaɗai ya isa ya rushe zancen ƙarfi. A 1927 wani masanin sinadarai a Amurka, Graham Edgar, ya kawo shawarar a riƙa auna fetur da ruwa biyu tsantsa. Na farko aiso-oktan, mai ƙwayoyin kabon takwas, wanda yake jure matsi sosai, aka ba shi 100. Na biyu heptan, mai kabon bakwai, wanda yake fashewa da wuri, aka ba shi sifili. A lokacin, heptan mai tsarki daga ƙaron wata bishiya ta tsaunukan Kalifoniya ake tace shi. Idan aka ce fetur 95 ne, ana nufin a injin gwaji yana fara ƙwanƙwasa daidai inda cakuɗen kashi 95 na aiso-oktan da kashi 5 na heptan yake farawa. Ba a ce akwai kashi 95 na wani abu a cikin man ba, kwatanci ne kawai. Abin mamaki ma, oktan na asali, wanda ƙwayoyinsa suke jere a miƙe ba rassa, ya fi heptan saurin fashewa, lambarsa tana ƙasa da sifili. Kuma ƙarfin zafin da ke cikin heptan da aiso-oktan kusan ɗaya ne. Mai sifili da mai ɗari, wuta ɗaya suke bayarwa. To ina ƙarfin da ake ta faɗa?

Ga kuma wani ruɗanin. Gwajin iri biyu ne: RON, da ake yi injin yana juyi 600 a minti, da MON, mai juyi 900 da ƙarin zafi. Turai da yawancin duniya RON suke rubutawa a famfo, Amurka kuwa tana haɗa biyun ta raba biyu. Shi ya sa 87 na Amurka yake daidai da 91 ko 92 a wasu ƙasashe. Wanda ya ɗauko lambar can ya gwada da ta nan, ya gwada abin da ba a gwadawa.

Yanzu mu koma kan tsohuwar mota. MGB, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, yawancinta kabureta biyu ƙirar SU gare ta. E-Type ta 1961 uku take da su. Aikin kabureta shi ne ta auna mai ta gauraya da iska, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Ba ta san oktan ba, ba ruwanta da shi. Idan sandar da ke juya bawul ɗin totur ta cinye saboda shekaru, iska tana satar hanya ta gefenta, cakuɗen ya yi ƙarancin mai, silo ya ƙi zama wuri ɗaya. Idan abin da ke yawo a kan mai cikin kofin kabureta ya huje ya nutse, ko allurarsa ta daina rufewa, mai ya yi ta ambaliya, fulogi ya yi baƙi, salansa ta yi hayaƙi. Idan an sa famfon mai na zamani mai matsi da yawa, haka nan zai danne allurar, domin SU matsi kaɗan take so. Idan man inji da ake zubawa a saman kan SU, wanda yake hana ƙaramin fistan da ke cikinta zabura, ya ƙare, motar za ta yi jinkiri duk lokacin da ka taka. Cikin waɗannan babu wanda fetur 98 ko 100 zai taɓa.

Inda abin ya fi haɗari shi ne babban oktan yana iya ɓoye cuta. Ƙarancin mai a cakuɗe yana ƙara zafi, zafi yana jawo ƙwanƙwasa. Taimin, wato lokacin da fulogi yake kyasta wuta, idan ya yi gaba da yawa ma haka. Sai mutum ya zuba mai mai juriya, ƙarar ta ɗauke, ya ɗauka ya gama. Alhali injin yana nan yana aiki da zafin da ya wuce kima, bawul ɗin hayaƙi suna gasuwa. Ni a ganina ƙarar nan gargaɗi ce, a fara tambayar dalilinta kafin a rufe mata baki.

Masu aikin da suka san hannunsu kabureta ce ƙarshen abin da suke taɓawa. Sai sun daidaita tazarar bawul, sun duba fulogi, sun saita taimin, sun tabbata ba inda iska take shiga ta gasket. Sannan su daidaita kaburetocin su riƙa jan iska daidai da juna, kafin su juya notin da ke ƙarƙashin jet, wato 'yar kafar da mai yake fitowa ta cikinta. Gwajin SU sananne ne: ɗaga fistan ɗinta kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya. In juyin injin ya hau ya zauna a sama, mai ya yi yawa. In ya faɗi kamar zai mutu, mai ya yi kaɗan. In ya ɗan hau ya dawo, an dace. Bayan tafiya mai nisa a cire fulogi, a same shi ruwan ƙasa.

Ba ina cewa lambar ba ta da amfani ba. Injin da aka ƙera da matsi mai yawa, kamar 9 ga 1 na E-Type, yana da mafi ƙarancin oktan da yake buƙata, kuma bai kamata a ba shi ƙasa da haka ba. Amma da zarar an kai inda ƙwanƙwasa ta daina, abin da aka ƙara a sama ba ya ƙara ƙarfin doki ko ɗaya a injin da ba shi da kwamfutar da za ta gyara taimin da kanta.

Abin da ya sauya a fetur tun zamanin waɗannan motoci abu biyu ne, kuma dukansu ana jingina su ga oktan bisa kuskure. Na farko dalma. Tun 1921 da Thomas Midgley ya gano sinadarin dalma yana hana ƙwanƙwasa, aka yi ta zuba shi a fetur, har aka tabbatar guba ne aka hana. Birtaniya ta janye shi a 2000, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. Dalmar nan tana kuma shimfiɗa kariya a mazaunin bawul ɗin hayaƙi, kuma kan injin baƙin ƙarfe irin na MGB ya dogara da ita. Fetur marar dalma, ko 99 ne, ba ya mayar da wannan kariya. Maganin shi ne a dasa mazauni mai tauri, ko a riƙa zuba sinadarin da ya maye gurbinta.

Na biyu itanol. Shi ne babbar shaida a kan masu cewa oktan ƙarfi ne, domin lambarsa ta haura 100, amma zafin da lita ɗaya take bayarwa bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fetur E10, mai itanol har kashi 10, wanda ya zama na yau da kullum a Birtaniya a Satumban 2021, yana son kusan 14.1 na iska maimakon 14.7. Motar zamani tana gyara wannan da kanta, kabureta kuwa sai an ƙara mata mai da hannu. Itanol yana jan danshi, tankin ƙarfe ya yi tsatsa idan mota ta daɗe a ajiye, yana cin tsohon tiyon roba da gasket, ɓarɓashin ya tafi ya toshe jet. Masu tsofaffin motoci a Birtaniya da suke sayen mai 97 zuwa sama, da yawansu don itanol ɗinsa bai wuce kashi 5 ba ne suke saye. Wanda zai yi aiki da E10 ya sauya tiyo zuwa mai jure itanol, ya sa matatar mai kafin kabureta, ya sake saita cakuɗen, kuma kada ya bar mai ya kwana watanni a kofin kabureta.