Ma'anar Tiyoburomin: Sinadarin da Ke Mayar da Cakulan Guba ga Kare

Tiyoburomin sinadari ne mai ɗaci da ake samu a ƙwayar koko, wato kokon da ake nomawa a Ghana da kudu maso yammacin Najeriya ana yin cakulan da shi, ba kokon gero da ake sha da ƙosai ba. Wani masanin kimiyya ɗan Rasha, Aleksandr Voskresensky, ya gano shi a shekarar 1841. Tiyoburomin ɗan'uwan kafeyin ne, sinadarin nan na kofi da ke hana barci, kuma akwai ɗan tiyoburomin kaɗan a goro.

Abin da ya sa likitocin dabbobi suke yawan ambatonsa shi ne, hantar ɗan Adam tana sarrafa shi cikin sauƙi, amma jikin kare yakan ɗauki kusan awa 17 kafin ya fitar da rabin abin da ya shiga jininsa, saboda haka sinadarin yana daɗewa yana zaburar da zuciya da jijiyoyi. Alamomin sukan bayyana cikin awa 6 zuwa 12. Karen yakan fara da amai da gudawa da ƙishirwa mai tsanani, ya kasa zama wuri ɗaya, yana ta haki da harshe a waje, daga nan sai jiki ya ɗauki rawa, kuma idan abin ya yi yawa ya kai ga jijjiga ko mutuwa.

Haɗarin ya danganta da nauyin karen da irin cakulan ɗin. Daga miligiram 20 na sinadarin a kan kowane kilo na nauyinsa ake fara ganin illa, wato giram 100 na cakulan mai madara ya isa ya tayar da hankalin kare mai kilo 10. Baƙar cakulan da garin koko zalla sun fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, farar cakulan kuwa kusan babu sinadarin a cikinta. Abin tausayin shi ne, yaron da ya gutsira wa ɗan kwikwiyo cakulan ɗinsa ƙauna ce ta sa shi, kuma kwikwiyon ne ya fi saurin jikkata saboda ƙanƙantarsa.

Wannan guba ba ta da makari. Idan aka garzaya da karen cikin awa biyu, likitan dabbobi zai sa shi amai, ya ba shi wani gawayi na musamman da ke tsotse guba a hanji, sannan ya yi masa ƙarin ruwa. A tafi da ledar cakulan ɗin, domin likita ya san irinsa da yawan da karen ya ci.