Debian Sid: tambayoyin da na gaji da amsawa

Wai Sid kullum a lalace yake?

A'a. Sid shi ne reshen Debian, tsarin aikin kwamfuta na Linux, da sabbin fakitocin manhaja ke fara shiga. Sunan unstable da aka ba shi yana nufin kayan cikinsa ba sa zama wuri ɗaya, don sau huɗu a rana ake sabunta rumbun Debian, inda ake sauke fakitocin. Ba kasafai kwamfuta ke ƙin tashi gaba ɗaya ba. An fi ganin manhaja ɗaya ta ƙi buɗewa, ko sauti ya ɗauke, kwana biyu a gyara.

Daga ina sunan ya fito?

Yaron nan ne mai ɓarnata kayan wasa a fim ɗin Toy Story. Sauran sunayen fitowar Debian irin su bookworm da trixie suna zuwa su wuce, shi yana nan Sid har abada.

Zan iya sa shi a sabar ofis?

Kada ka soma. Tawagar tsaron Debian da stable take kula, wato reshen da aka gama gwadawa aka saki, ba da Sid ba. A Sid, mai riƙe da kowane fakiti ne ke tura gyara idan ya samu sarari. Ka tuna watan Maris na 2024, da aka gano ƙofar baya, wato hanyar kutse, da aka ɓoye cikin manhajar matse fayiloli xz 5.6.0 da 5.6.1: masu Sid da testing, reshen da ake shirya stable na gaba, sun riga sun sauke ta, masu stable ko ƙurarta ba ta taɓa su ba.

Ina zan samu faifan girka shi?

Babu na hukuma. Girka stable ko testing, ka mayar da layin rumbu a /etc/apt/sources.list zuwa unstable, ka cire layukan security da updates, sannan ka sabunta.

Na buga apt full-upgrade, ya ce zai cire fakiti da yawa har da GNOME. In danna Y?

Ɗauke hannunka tukuna, malam. Nan ne mafi yawan masu kuka suke kashe na'urarsu da kansu, sannan su ce Sid ne.

GNOME shi ne fuskar tebur ɗinka, apt kuma shi ke girkawa da cire fakiti. Yawanci abin da ke faruwa shi ne an sauya wani babban laburare, wato lambar da manhajoji da yawa ke amfani da ita tare, ana sake gina ɗaruruwan fakitocin da suka dogara da shi, wasu sun iso rumbu wasu suna hanya. Da apt ya rasa yadda zai daidaita su, sai ya ba da shawarar cire waɗanda ba su iso ba. Haka aka sha fama a farkon 2024, lokacin da aka koma ƙirga lokaci da bit 64 saboda matsalar shekarar 2038, laburare da dama suka samu t64 a ƙarshen sunansu.

To ka karanta jerin abin da za a cire, layi-layi. Idan tsohon laburare ne zai fita, kuma ka ga magajinsa a jerin masu shigowa da suna kusan iri ɗaya, galibi ba komai. Na ce galibi. Idan kuwa ka ga gnome-shell, ko network-manager, ko wata manhajar da kake aiki da ita, danna n. Buga apt upgrade kawai, wanda ba ya cire komai, ka bar sauran a riƙe. Ka dawo bayan kwana biyu ko uku. Wani lokaci mako guda ma bai isa ba, wani lokaci kuma fakitin an cire shi ne daga Debian ɗungurum, jira ba zai dawo da shi ba. Shafinsa a tracker.debian.org ne zai nuna maka wanne ne. Idan guda ɗaya ne ke jawo rigimar, apt-mark hold zai tsayar da shi, amma ka rubuta a wani wuri, don fakitin da aka manta a riƙe shi ke haddasa rikicin wata mai zuwa.

Me zan girka kafin komai?

apt-listbugs da apt-listchanges. Na farkon yana nuna maka manyan kurakuran da aka kai rahoto kafin a girka. Kuma ka karanta su, ba ado ba ne. Kashe unattended-upgrades. Kada ka goge tsohon kanel, wato zuciyar tsarin, sai sabon ya yi kwanaki yana aiki, musamman idan kana da direban Nvidia, wanda yakan ƙi ginuwa a kan sabon kanel.

Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa.

Kwantar da hankalinka. Buga dpkg --configure -a, sannan apt -f install. Yawanci shi ke nan.

Manhaja ɗaya kawai nake so daga Sid, in ƙara layinsa a kan stable?

A'a. Za ta iya jawo sabon libc6, babban laburaren tsarin, shi kuma ya jawo rabin tsarin. Duba backports, sabbin fakitocin da aka gina don stable, ko Flatpak, mai kawo manhaja da laburarenta daban.

Na gaji, zan iya komawa stable?

Debian ba ta goyon bayan komawa baya. Fakiti ɗaya kana iya ɗauko tsohonsa daga /var/cache/apt/archives ko snapshot.debian.org, bayan ka duba /var/log/apt/history.log ka ga abin da ya canza. Tsarin gaba ɗaya kuwa, in ba ka ajiye kwafinsa da Timeshift ko snapper tun kafin ba, kwashe fayilolinka ka girka sabo.