Koyon Sifaniyanci a ƙasashen waje

Koyon Sifaniyanci a ƙasashen waje tsari ne da mutum ke barin ƙasarsa ya tafi inda ake magana da harshen, ya shiga makarantar koyon harshe na wasu makonni ko watanni. Galibi yakan sauka a gidan wasu 'yan garin, ya ci abincinsu, ya kwana ƙarƙashin rufinsu. Sifaniyanci harshen hukuma ne a ƙasashe 20, amma harkar ta fi kafuwa a garuruwa ƙalilan: Salamanca, Granada, Malaga da Madrid a Sifaniya, Cuernavaca da Oaxaca a Meziko, Antigua da Quetzaltenango a Gwatemala. Akwai kuma makarantu a Kosta Rika, Kolombiya, Ekwado, Peru da Ajantina. Tsarin ya samo asali ne daga tushe biyu, wato darussan hutun bazara na jami'o'i da kuma horar da 'yan mishan.

Asali a Sifaniya

Tun a 1492, da Antonio de Nebrija ya buga nahawun Sifaniyanci na farko a Salamanca, ya keɓe kashi na biyar na littafin ga baƙi masu wani harshe da ke son koyon wannan. Sai dai an ɗauki ƙarni huɗu kafin a fara tara baƙi a aji ɗaya bisa wani tsari. A tsakanin wannan lokaci 'yan kasuwa da 'ya'yan masu hali na Turai suna koyo ne a hannun malaman gida da littattafan hira.

A 1912 Cibiyar Nazarin Tarihi ta Madrid, wadda masanin harshe Ramón Menéndez Pidal ke jagoranta, ta buɗe darussan hutu domin baƙi. Malaman makaranta ne suka fi yawa a cikin masu zuwa. Jami'ar Zaragoza ta fara nata darussan bazara a garin Jaca, a gindin duwatsun Pyrenees, a 1927, bisa ƙoƙarin Domingo Miral. Jami'ar Salamanca, wadda aka kafa a 1218, ta buɗe sashen koyar da baƙi a 1929.

Santander, a gaɓar teku ta arewa, ta ja baƙi saboda bazararta ba ta da zafin Madrid. Ana danganta farkon darussan can da wani malami daga Jami'ar Liverpool, Edgar Allison Peers, wanda ya riƙa kai ɗalibai wajen farkon shekarun 1920. A 1932 gwamnatin jamhuriya ta kafa Jami'ar Bazara ta Ƙasa da Ƙasa, ta ba ta fadar Magdalena, inda a da sarki yake hutawa. Yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939 ya tsayar da komai. An farfaɗo da ita a tsakiyar shekarun 1940 da sunan Jami'ar Menéndez Pelayo, kuma har yau tana aiki.

Makarantu masu zaman kansu sun zo daga baya, tare da bunƙasar yawon buɗe ido a shekarun 1960 da 1970. Shirin musayar ɗalibai na Erasmus da aka soma a 1987 ya ƙara kwararar matasan Turai, kuma shekaru da dama Sifaniya ce ƙasar da ta fi karɓar ɗaliban wannan shiri.

Meziko da Amurkawa

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya makarantun Amurka da yawa sun daina koyar da Jamusanci, Sifaniyanci ya maye gurbin. Buɗe mashigin Panama a 1914 da sa ran kasuwanci da ƙasashen kudu sun ƙara masa daraja. Sai aka wayi gari ana buƙatar malamai da yawa cikin gaggawa. Kwalejin Middlebury da ke jihar Vermont ta buɗe makarantar Sifaniyanci ta bazara a 1917, inda ɗalibi ke ɗaukar alkawarin ba zai yi magana da wani harshe ba har ƙarshen zango.

A 1921 Jami'ar Ƙasa ta Meziko, ƙarƙashin José Vasconcelos, ta kafa Makarantar Bazara domin baƙi, aka ɗora Pedro Henríquez Ureña a kanta. Ƙasar ta fito ne daga juyin juya hali na shekara goma, kuma masu mulki na son maƙwabta su san ta da wani abu ban da bindiga. Makarantar ce yau ake kira Cibiyar Koyar da Baƙi, tana kuma da reshe a Taxco.

Saukar da ɗalibi a gidan iyali a matsayin wani ɓangare na karatu ana yawan danganta shi da ƙungiyar da Donald Watt ya kafa a Amurka a 1932, wadda ta riƙa tura matasa su zauna da iyalai a Turai, daga bisani har Meziko. Ɗalibai sun daɗe suna haya a gidajen mutane kafin nan. Abin da ƙungiyar ta sauya shi ne ɗaukar zaman kansa a matsayin darasi.

Cuernavaca

Babu garin da ya yi tasiri a kan yadda ake wannan harka a Latin Amurka kamar Cuernavaca, babban birnin jihar Morelos, kudu da birnin Meziko. A 1961 fadar Fafaroma, zamanin John na 23, ta roƙi cocin Amurka ta Arewa ta aika kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatanta zuwa Latin Amurka. A wannan shekarar wani limamin Katolika haifaffen Vienna, Ivan Illich, ya buɗe cibiya a Cuernavaca domin koya musu harshe da al'ada. Cibiyar ce a tsakiyar shekarun 1960 ta zama CIDOC, wato cibiyar tattara bayanai tsakanin al'adu.

Karatun yana da tsanani. Ana raba ɗalibai gungu-gungu na mutum uku ko huɗu, malami ɗan ƙasa ya sa su maimaita jumloli sa'o'i da yawa a rana, bisa salon da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke horar da jakadunta. Malaman ba lalle su kasance masu digiri ba. Matasan gari ne aka horar. Kuɗin makarantar harshen ne ke ɗaukar nauyin tarukan ƙara wa juna sani na cibiyar, waɗanda suka ja masana irin su Paulo Freire, masanin harkar ilimi ɗan Brazil.

Abin mamaki a labarin shi ne Illich bai ɓoye cewa yana shakkar amfanin aiko 'yan mishan ɗin ba, har yakan so wasunsu su koma gida. Wannan ya haɗa shi da hukumomin cocin, kuma a 1969 aka hana limamai da 'yan zuhudu zuwa cibiyar, kafin daga baya a sassauta. An rufe CIDOC a 1976. Tsofaffin malamanta da dama suka buɗe nasu makarantun a garin, suka ci gaba da ƙananan ajujuwa tare da sauke ɗalibai a gidajen iyalai. Makarantun 'yan mishan na San José a Kosta Rika da na Cochabamba a Bolibiya sun bi hanya mai kama da wannan, ko da yake ba su yi suna kamarta ba.

Gwatemala

Antigua ita ce tsohuwar hedikwatar mulkin mallaka ta yankin har zuwa girgizar ƙasar 1773, kuma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Makarantar da ake ɗauka mafi tsufa a garin ita ce Proyecto Lingüístico Francisco Marroquín, wadda aka kafa a 1969. Babban aikinta a shekarun 1970 shi ne nazarin harsunan Maya da rubuta ƙamus, tare da masanin harshe Terrence Kaufman, kuma kuɗin da baƙi ke biya su koyi Sifaniyanci na taimaka wa wannan aiki.

Gwatemala ta shahara da koyarwar malami ɗaya ɗalibi ɗaya. Ana zama a teburi ƙarami a tsakar gida ko cikin lambu, sa'a huɗu ko biyar da safe, Litinin zuwa Juma'a. Arhar ƙwadago ce ta sa hakan ya yiwu, shi ya sa kuɗin mako guda a can ya fi na Turai sauƙi nesa ba kusa ba. Yaƙin basasar ƙasar, daga 1960 zuwa 1996, ya rage baƙi a shekarun da ya fi muni. Bayan sulhu makarantu suka yawaita.

Quetzaltenango, wanda mutanen gari ke kira Xela, yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, akwai sanyi da dare. Makarantunsa, irin su Proyecto Lingüístico Quetzalteco da aka kafa a 1988, sun fi karkata ga tarihin yaƙin da gwagwarmayar talakawa. Masu zuwa can na cewa Antigua ta cika da Turanci. A ƙauyukan tafkin Atitlán kuwa, iyalai da yawa harshen Tz'utujil ko Kaqchikel suke yi a tsakaninsu, sai su juya Sifaniyanci idan baƙo ya zauna.

Tsarin karatu

A Sifaniya kwas ɗin da aka saba shi ne darasi 20 a mako, cikin ajin da bai cika wuce mutum goma ko sha biyu ba. Sabbin ɗalibai kan fara ranar Litinin da gwajin tantance mataki. Matakan guda shida ne, daga A1 zuwa C2, bisa ma'aunin harsuna na Turai da aka fitar a 2001. Da la'asar akan shirya zagayen gari, koyon girki ko rawa, ko haɗa ɗalibi da ɗan gari su yi musayar harshe.

Lafazi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, haka wasu wakilan suna, amma masu magana na fahimtar juna. A Basalona ɗalibi zai ji harshen Katalan a titi kusa da Sifaniyanci.

Zama da iyali

Makaranta ce ke zaɓen gidajen, ta karɓi kuɗi a hannun ɗalibi, ta biya masu masauki. Tsarin ya yi kama da na fatoma a tsoffin hanyoyin fatauci, inda baƙo ke samun ɗaki da abinci da wanda zai nuna masa gari. A Sifaniya sau da yawa mai masaukin mace ce mai shekaru wadda 'ya'yanta suka bar gida, ba iyali cikakke ba kamar yadda tallace-tallace ke nunawa. Ana iya biyan kuɗin karin kumallo da abincin dare kawai, ko na ci uku. A Gwatemala al'adar ita ce ci uku a rana, ban da Lahadi. Wasu gidajen na ɗaukar ɗalibai huɗu ko biyar a lokaci guda, sai teburin cin abinci ya koma wurin hira da Turanci.

Lokutan cin abinci kan ba baƙo wahala a Sifaniya: abincin rana wajen ƙarfe 2, na dare daga ƙarfe 9. Ɗalibi Musulmi yana bukatar ya yi bayani tun wajen cika takarda, domin naman alade na cikin girkin yau da kullum a Sifaniya, kuma a Meziko da Gwatemala akan sa kitsensa a wake da wasu abincin masara ba tare da an gan shi ba. Manyan biranen Sifaniya suna da masallatai da mahautan halal. Masallacin unguwar Albaicín a Granada an buɗe shi a 2003.

Jarrabawa

An ƙirƙiro DELE, shaidar ƙwarewa a Sifaniyanci ga baƙi, a 1988. Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991, ita ke gudanar da ita yanzu, kuma tana tantance makarantu masu zaman kansu. SIELE jarrabawa ce ta kwamfuta da aka fara wajen 2016, haɗin gwiwar Cervantes da jami'o'in Meziko, Salamanca da Buenos Aires. Ajantina na da tata, CELU.

Abin da bincike ya nuna

Cibiyar horar da jakadun Amurka na ƙiyasta sa'a 600 zuwa 750 na aji kafin mai jin Turanci ya iya aiki da Sifaniyanci. Kwas na mako huɗu bai cika wuce sa'a ɗari ba. Wani bincike da Norman Segalowitz da Barbara Freed suka wallafa a 2004 ya kwatanta ɗaliban da suka yi zango a Alicante ta Sifaniya da waɗanda suka zauna a Colorado ta Amurka, ya gano cewa waɗanda suka yi tafiyar sun fi samun sakin baki. A fannin nahawu ba a ga sun yi fice ba. Game da zama da iyali sakamakon bincike ya saɓa wa juna, kuma da alama abin ya dogara ga yawan hirar da ake yi a gidan.

Ɗalibai daga Afirka

Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Kamaru, ita ce ƙasar Afirka kudu da Sahara da Sifaniyanci ke matsayin harshen hukuma, kuma akwai tsohuwar al'ummar Hausawa 'yan kasuwa a Malabo. Ba ta da harkar makarantun baƙi irin ta Gwatemala. Ana koyar da harshen a sakandare a Kamaru, Kwadebuwa, Benin, Gabon da Sanagal, kuma an buɗe Cibiyar Cervantes a Dakar a 2021.

Yawancin 'yan Afirka ta Yamma da suka koyi harshen a waje ta hanyar tallafin karatu suka samu. Kuba ta karɓi yaran Ghana a makarantun Tsibirin Matasa daga 1983, kuma ɗaliban likitanci da ke zuwa can kan fara da zangon koyon harshe. 'Yan Najeriya da Nijar na buƙatar biza kafin shiga Sifaniya: ta gajeren zama ba ta wuce kwana 90 cikin 180, abin da ya haura haka sai da bizar karatu da shaidar kuɗin ɗaukar nauyi.

Suka

Ana sukar ƙarancin albashin malamai da rashin tabbacin aiki, musamman inda ake biyansu mako-mako gwargwadon zuwan ɗalibai. Ana kuma jayayya kan haɗa karatun da aikin sa-kai na ɗan lokaci, da kan tashin kuɗin haya a tsakiyar garuruwan da baƙi suka cika. Annobar korona ta 2020 ta rufe makarantu da dama, wasu suka koma koyarwa ta intanet.